Phoenix: Faransawan da Turanci ya fito da su

Phoenix ƙungiyar makaɗan rock ce daga Versailles, kusa da birnin Paris. Su huɗu ne: Thomas Mars mai rera waƙa, Deck d'Arcy, sai wa da ƙani masu kaɗa jita, Laurent Brancowitz da Christian Mazzalai.

Faransawa ne, amma da Turanci suke yawancin waƙoƙinsu, kiɗan kuma mai sauƙin shiga kunne, ba hayaniya. Kundinsu na farko, United, ya fito a 2000, sai dai na huɗu ne, Wolfgang Amadeus Phoenix na 2009, ya yi musu goma ta arziki: ya ci kyautar Grammy a Amurka a 2010, kuma ya cancanta.

A 2024 sun yi wasa a bikin rufe gasar Olamfik ta Paris.