Bawan Ƙarfe: Shin Ya Halatta A Mallake Shi?

Kalmar "robot", wadda Turawa ke kiran mutum-mutumin inji da ita, an haife ta ne a dandalin wasan kwaikwayo. Cikin 1920 wani marubuci ɗan ƙasar Chekoslobakiya mai suna Karel Chapek ya wallafa wasan da ya kira R.U.R., aka kuma nuna shi a birnin Prague cikin 1921. Yayansa Josef ne ya ba shi kalmar, ya cirato daga "robota", watau aikin tilas da talakawan ƙasarsu su ke yi a gonakin iyayen gijinsu kafin a soke shi cikin 1848. Ashe tun ran suna sunan bauta aka raɗa wa wannan halitta.

A cikin wasan, wata masana'anta ce ke ƙera ma'aikata masu kamannin mutane, tana sayar da su ko'ina a duniya. Ba a biyansu lada, ba su kuma san ƙorafi ba. Masu masana'antar sun sa musu jin zafi, ba don tausayi ba sai don kada su riƙa tura hannu cikin inji su jawo asara. Daga baya bayin suka yi bore, suka hallaka 'yan Adam, suka bar wani magini guda ɗaya saboda shi ma da hannunsa ya ke aiki.

Isaac Asimov, marubucin nan na Amurka, ya gaji da irin waɗannan labarai na bore. Cikin 1942 ya shimfiɗa dokoki uku da ya ce za a gina cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum-mutumi: kada ya cuci ɗan Adam ko ya bari a cuce shi, ya bi umarnin ɗan Adam in bai saɓa wa dokar farko ba, sannan ya kare kansa in hakan bai saɓa wa biyun farko ba. Masu karatu sun yi na'am da wannan dabara, domin ta kwantar musu da hankali. To amma duk wanda ya dube ta da idon basira zai ga cewa ubangida aka kare. Ran bawan shi ne na ƙarshe a lissafi, kuma ba a ba shi ikon cewa a'a ba.

Asimov da kansa ya komo kan wannan batu cikin 1976, a labarinsa The Bicentennial Man. Andrew baran gidan wani attajiri ne mai suna Martin. Aka gano yana da baiwar sassaƙa, maigidan ya yarda ya riƙa ajiye kuɗin sana'arsa a banki, har wata rana ya zo ya nemi ya sayi 'yancinsa. Bahaushen da ya san tarihi ba zai ji wannan baƙo ba, domin haka murgu da fansa su ke a ƙasar Hausa kafin dokar 1936 ta haramta bauta a Arewacin Nijeriya: bawa ya yi sana'arsa, ya biya ubangijinsa, ya tara abin da zai fanshi kansa. Alƙalin labarin ya ba Andrew gaskiya, bisa hujjar cewa duk halittar da hankalinta ya kai ta fahimci 'yanci har ta nema, ba a da ikon hana ta.

Sai dai takardar kotu ba ta goge dokokin da ke cikin kansa ba. Wata rana, yana ɗa ba bawa ba, wasu samari biyu suka tare shi a hanya, suka umarce shi ya tuɓe tufafinsa, suna shirin sa shi ya wargaza jikinsa da hannunsa. Bai iya ƙi ba, sai da wani ɗan gidan Martin ya zo ya cece shi. A ganina nan ne ƙashin bayan maganar. Mai sayen mutum-mutumi zai ce ai baransa ba ya kuka, yana ma murna da hidima. To wa ya dasa masa murnar? In maƙeri ne ya ƙera yardar tare da jikin, yardar nan ba za ta wanke mai saye ba, tun da ba a bar wa bawan wata ƙofa ta daban ba. Bawan da aka ɗaure da sarƙa aƙalla zuciyarsa tasa ce.

'Yan sinima ma sun taɓa batun, wasu da gangan, wasu cikin rashin kula. A fim ɗin Star Wars na 1977 an jera mutum-mutumi a rana ana cinikinsu, an liƙa musu wani ƙarfe mai hana gudu, 'yan kallo kuwa suna ta dariya. A Blade Runner na 1982, wanda aka ɗauko daga littafin Philip K. Dick na 1968, shekara huɗu kacal aka yanka wa bayin su rayu, don kada su daɗe har zuciya ta tsiro musu.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, inji inji ne, ba wanda ke neman izinin keken ɗinki kafin ya taka shi. Hujja ce mai ƙarfi muddin abin ba ya ji, ba ya so, ba ya tsoro. Marubutan nan kuwa da gangan su ke ƙera wanda ya ke ji. Cikin 1989 shirin talabijin na Star Trek ya kai maganar gaban shari'a: wani masani ya nemi a ba shi Data, mutum-mutumin da ke riƙe da muƙamin hafsa, ya kwance shi don ya ƙera dubbai irinsa. Mai kare Data ya nuna wa kotu cewa dubban nan, in an ce kaya ne, al'umma guda ce aka haifa cikin bauta. Alƙaliyar ta amsa cewa ba ta san ko Data yana da ruhi ba, amma ta yanke hukuncin cewa shi ba dukiyar rundunar ba ne, kuma yana da ikon zaɓa wa kansa. Data ya ƙi yarda a kwance shi.