Filin Manoma: Manomin Taba Da Dokar Hana Shan Sigari

A wannan mako za mu yi magana a kan taba. Manoma da yawa suna jin labari a rediyo, wai ƙasa kaza ta hana shan sigari a ofis, ƙasa kaza ta hana a mota, har waɗansu suna tambaya ko shuka tabar ma an hana ne. To, bari mu warware muku zancen tun daga tushe, gama wanda ya ke zuba guminsa a kan abu ya kamata ya san inda kasuwar abin ta dosa.

Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Asalinta daga nahiyar Amurka ne, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Kakanninmu sun shuka ta a bayan gida da bakin fadama, su daka ganyen su haɗa da kanwa, waɗansu su zuba a lofe, mata kuma su goge haƙora da furenta. Noman sayarwa ga kamfani kuwa ya zo ne a zamanin Turawa. An buɗe ma'aikatar sigari a Ibadan a 1937, aka buɗe ta Zariya a 1959. Manoman ƙasar Oyo suka riƙa gasa ganyen da wuta, namu na Arewa kuwa suka fi shanya shi a inuwar rumfa. A wancan zamani ana lissafta taba cikin amfanin gona mai kawo kuɗi, kamar auduga da gyaɗa.

Yadda Likitoci Suka Gano

A 1950 waɗansu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka bi asibitocin Landan suna tambayar masu ciwon sankarar huhu. Suka tarar kusan dukansu mashaya sigari ne. Mutane suka ce ai dacewa ce kawai. Sai a 1951 suka rubuta wa likitocin ƙasar takarda, kowa ya faɗi ko yana sha ko ba ya sha, likita wajen 40,000 suka amsa. Aka yi ta bin labarin waɗannan likitoci har shekara 50. Abin da aka samu shi ne, mai shan sigari yakan rasa wajen shekara 10 daga cikin kwanansa, kuma cikin mutum biyu da suka dawwama a kanta, ɗaya ita ce ajalinsa. A 1962 ƙungiyar manyan likitocin Ingila ta tabbatar da illar, a 1964 kuma Babban Likitan Gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya bayyana haka ga jama'ar ƙasarsa.

Daga nan aka fara ɗaukar mataki. Ingila ta hana tallan sigari a talabijin a 1965, Amurka ta bi baya a 1971, aka kuma riƙa buga gargaɗi a jikin kwali. Amma har yanzu ba a hana kowa sha ba. Hujjar mashaya ita ce, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. In mutum ya mallaki hankalinsa, ya sayi abu da kuɗinsa, ya cuci kansa, ina ruwan hukuma?

Abin da ya rushe wannan hujja ya fito ne daga Japan. A 1981 wani likita mai suna Takeshi Hirayama ya nuna cewa matan da ba su taɓa sa sigari a baki ba, amma mazansu na sha, sun fi sauran mata kamuwa da sankarar huhu. Watau hayaƙin ba ya tsayawa a bakin mai shi. Yana shiga ƙirjin matarsa, da na ɗan da ke goye, da na yaron mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu kuwa ba su sha, hayaƙin waɗansu suka shaƙa.

Gardamar Da Aka Yi

Ƙasar Ailan ce ta fara hana shan sigari a duk wurin aiki mai rufi, har gidajen abinci da mashaya, ran 29 ga Maris, 2004. Sikotilan ta bi a 2006, Ingila a 2007. Ba a yi wannan cikin ruwan sanyi ba. Masu gidajen abinci suka ce baƙi za su gudu. Waɗansu suka ce a ware wa mashaya kusurwa guda ya isa. Waɗansu suka ce gwamnati za ta yi hasarar haraji, in kuwa ta ƙara haraji to 'yan fasa-ƙwauri ne za su ci riba. Kamfanoni kuma suka riƙa sa manomi a gaba, suna cewa in an matsa wa sigari, da me talakan da ya shuka ta zai ci abinci?

Masu son dokar suka amsa cewa hayaƙi bai san iyakar kusurwa ba, kuma baƙo yana iya tashi ya fita, amma ma'aikacin wurin tilas ya yini a ciki. Daga baya aka sami abin aunawa. A Sikotilan aka duba asibitoci 9, aka ga waɗanda a ke kwantarwa saboda bugun zuciya sun ragu da kashi 17 cikin 100 bayan dokar ta fara aiki. Gidajen abinci kuma ba su ƙare ba. Maganar fasa-ƙwauri tana da ƙamshin gaskiya, musamman inda kan iyaka ke da faɗi kamar namu, amma maganinta tsaron iyaka ne. Saura maganar manomi, ita ce ta shafe mu, za mu zo kanta.

A 2003 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar rage shan taba a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara aiki a 2005, ƙasashe fiye da 180 suka shiga. Nijeriya ta shiga a 2005. Nijar ta yi dokarta a 2006, Gana a 2012. A Nijeriya dā ma akwai dokar soja ta 1990, sai aka yi sabuwa a 2015 wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, aka fito da ƙa'idodinta a 2019. Ta hana sha a asibiti da makaranta da motar haya da sauran wuraren taron jama'a. Ta hana talla, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayarwa kara-kara, sai kwali guda. Wanda ya karya, tara ko ɗauri. Kowa ya je bakin tasha ya san ba a bin dokar yadda ya kamata, amma tana nan a rubuce.

Ina Matsayin Manomi?

Ku lura da wannan da kyau: dokar ba ta hana shuka taba ba. Ba wanda zai zo ya tuge muku shuka. Abin da dokokin nan su ke yi shi ne rage masu saye, sannu a hankali. A 2000, mutum 1 cikin baligai 3 na duniya yana amfani da taba. A 2022 ya koma 1 cikin 5. Abu ne da ke tafiya kamar janyewar ruwan tafki, ba ka ganinsa yau da gobe, sai ka waiwaya ka ga inda bakin ruwa ya ke bara.

Dubi Amurka. A 1954 gonakin da ke noman taba a can sun fi 500,000, a 2002 ba su kai 60,000 ba. Raguwar mashaya na cikin dalilan, haka kuma zuwan injuna da sayen ganye mai araha daga ƙetare. A 2004 gwamnatinsu ta soke tsarin kason noma da ta ke tsare farashi da shi tun 1938, aka biya manoma da masu kaso wajen dala biliyan 10 cikin shekara 10, da yawa suka kama wata sana'a. Manomin Afirka ba shi da mai yi masa irin wannan gata. Ga shi kuwa noman ya yi ta ƙaruwa a ƙasashe kamar Zimbabuwe da Malawi da Tanzaniya, saboda ƙwadago ya fi araha a nan. Ita Malawi, wadda taba ce babban abin da ta ke sayarwa ƙetare, ta shiga yarjejeniyar a 2023, domin ita ma ta ga alamar hadari.

Mu a Arewa ba sai an ba mu labari ba. Dalar gyaɗa a Kano ta kai inda ta kai, amma fari ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta biyo, sai ga fili fetal. Wanda ya rataya gidansa duka a kan amfani guda ya sha wuya, wanda ya raba ƙafa ya tsira. Gyaɗa ma ke nan, wadda in kasuwa ta ƙi sai a yi ƙuli-ƙuli. Taba fa? Mai sayenta da yawa ɗaya ne ko biyu, shi ne mai ba da iri da taki bashi, shi ne mai cewa wannan lamba ɗaya, wannan lamba uku. In ya ƙi ganyen, ba ka iya tuƙa shi, akuya ma ba ta so.

Lissafin Da Ya Kamata A Yi

Kuɗin taba yana zuwa a dunƙule, shi ya sa ya ke cika ido. Amma kafin ka ce ta fi masara riba, zauna ka ƙidaya. Irinta ƙanƙane ne kamar ƙura, sai an yi renonsa a fangali mako 6 zuwa 8 ana ban ruwa safe da yamma. Sa'an nan dashe, sa'an nan fille kan shukar, da cire 'ya'yan da ke tofowa a hammata, da tsinkar ganye daga ƙasa zuwa sama sau da yawa, da shirya shi a igiya. Mai gashi zai kwana wajen mako guda yana iza wuta, mai shanya a rumfa zai jira fiye da wata. Bayan haka ga zaɓe da ɗauri. Sa kuɗin kowace rana da iyalinka suka yi a wannan aiki, sa kuɗin itace, sa na taki da maganin feshi, cire bashin kamfani. Abin da ya rage shi ne ribarka. Ka tuna kuma taba tana cin ƙarfin ƙasa ƙwarai, itacen gashi kuwa daga dajin da ke tare mana hamada a ke saro shi.

Akwai kuma lafiyarka. Ɗanyen ganyen taba in ya jiƙe da raɓa ko ruwan sama, dafinsa yana ratsa fata ya shiga jini. Sai ka ga mutum da jiri da amai da ciwon kai, a ce rana ce ta buge shi, alhali kuwa taba ce. Saboda haka kada a tsinki ganye sai raɓa ta bushe. A sa riga mai dogon hannu, in ta jiƙe a sake wata, a yi wanka da sabulu bayan an tashi. Yara kuwa kada a sa su wannan aiki ko kaɗan, gama jikinsu bai iya ɗauka ba.

Shawara

Ba mu ce kowa ya watsar da taba a damina guda ba, musamman mai bashi a wuyansa. Sannu ba ta hana zuwa. Fara biyan bashin, kada ka ƙara wani a kai. Sa'an nan rage filin taba kashi-kashi, ka ba hatsi wurin da zai cika rumbu tukuna. A tudu gwada waken soya ko riɗi ko wake ko zoɓo, waɗanda ke da masu saye da yawa a kasuwa. A fadama ga albasa da alkama. Kafin ka shuka sabon abu, je kasuwa ka ga wa zai saya, da nawa, kuma a wane wata.

Ga kashedi guda. Tumatir da barkono da gauta da dankalin Turawa dangin taba ne, cutarsu ɗaya. Tsutsar da ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli tana zama cikin ƙasa, haka kuma cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya murɗe. Kada ka bi gonar taba da su nan da nan. Sa dawa ko masara tukuna, shekara 2 ko 3. Mai shan sigari ko taba gari kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa renon tumatir, domin cutar tana bin yatsa.

Yarjejeniyar da ƙasashenmu suka sa wa hannu ta ce a taimaki manomin taba ya sami wata hanyar abinci. A gundumar Migori ta ƙasar Kenya an ƙaddamar da irin wannan shiri a 2022, aka ba manoma irin wake da horo, aka kuma samar musu mai saye tun kafin girbi. Wannan haƙƙinku ne, amma ba a ba da shi ga wanda ya yi shiru. Ku haɗa kai a ƙungiya, ku tafi wurin malamin gona na yankinku da wakilanku na majalisa, ku tambaye su abin da aka tanada muku. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Mako mai zuwa za mu yi bayanin noman riɗi, daga zaɓen iri har zuwa kakkaɓe. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.