Masuntan Tiga da Ruwa Mai Hawa Biyu

Kafin a tare Kogin Kano a Tiga, su a ƙasar Rano aikin rani ne. Ruwa ya janye, a faɗa gurbi da koma da gora, a kama tarwaɗa da gaiwa, damina na sauka a koma gona. Madatsar da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974, ita ta mayar da su sana'ar shekara. Tafki ne mai faɗin murabba'in kilomita kusan 178, ga kuma ƙaninsa Ruwan Kanya kusa da shi. Daga nan kifi yake bi kasuwa-kasuwa har Rano da Kibiya da ƙauyuka irin su Saji, ɗanye ko soyayye ko banda.

Kayan aikin ba su da wuyar lissafi: kwale-kwale da filafili, kalli da ake kafawa da yamma a duba da asuba, birgi na jefawa, sai ƙugiyoyi. Duk mai kuɗi zai saye su. Abin da ba a saya shi ne sanin zurfin da za a saki raga, kuma a nan ake bambance ɗan gado da ɗan haye.

Ruwa mai zurfi ba ɗaya ba ne daga sama har ƙasa. Da bazara rana takan dafa na sama, ya yi ɗumi, ya yi sauƙi, ya zauna a kan na ƙasa mai sanyi da nauyi. Duk wanda ya taɓa nutso ya san inda sanyin yake kama ƙafa farat ɗaya. Tun da iska ba ta kai wa na ƙasan, ga ganye da ciyawa suna ruɓewa a cikinsa, iskar da kifi yake shaƙa takan yi ƙaranci a can. Sai karfasa da kawara su taru a sama da gefe-gefe. Tarwaɗa ce mai taurin rai, don tana iya leƙowa ta haɗiyi iska ta koma. Masuncin da ya zurfafa kalli a irin wannan lokaci, wahalar ja kawai ya saya. Idan hunturu ya busa kuwa, ruwan sama ya huce ya nutse, na ƙasa ya taso da abincin da ya kwanta, tafki ya gauraye, lissafi ya sake.

Wannan juyawar rahama ce, ko da yake ba a cika gode mata ba. Akwai tafkuna ƙalilan a duniya da ba sa yin ta sam, saboda gishiri ko ma'adinai sun yi wa ruwan ƙasansu nauyin da iska ba ta iya ɗagawa. Tafkin Nyos na Kamaru, mai zurfin mita 200 da 'yan kai, yana cikinsu. Iskar kabon da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin dutse ta yi ta taruwa a gindinsa, har daren 21 ga Agusta 1986 ta balle kamar an buɗe lemon kwalba da aka girgiza. Mutum fiye da 1,700 suka rasu, da dabbobi dubbai. Sai a 2001 aka fara kafa bututun da ke zuƙe iskar a hankali. A Tanganyika ma, duk da zurfinsa ya haura mita 1,400, kifi a hawan sama kaɗai yake rayuwa.

Tiga ba ta da wannan haɗari. Abin da ke barazana ga sana'ar a ido yake: raga mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su yi ƙwai ba, da yashi da laka da ke cike tafkin a hankali. Sarakunan ruwa da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su fara da ragar, don ita ce za a iya hanawa tun bana.