Karayar Kwatangwalo: Jiyya A Asibiti Da Kuma A Gida

An shirya wannan bayani domin hakimai da malamansu na ƙasashen Wurno da Raba da Goronyo, don su san abin da ya kamata a yi wa wanda ya karye a kwatangwalo, su kuma sanar da dagatai da masu unguwa.

Mece ce wannan karaya

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo a jikin mutum. Kansa na sama mulmulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu, kuma ƙarƙashin kan akwai wani siririn wuri da likitoci ke kira wuyan ƙashi. A nan, ko kuwa ƙasa da nan kaɗan, ya kan karye. Tsofaffi ta fi samu, musamman mata waɗanda suka daina haila, domin ƙashinsu ya kan yi sakwa-sakwa, har faɗuwa kaɗan ta isa ta karya shi. Samari kuwa sai da babban haɗari, kamar na babur ko faɗowa daga itace.

A ɗauki misalin tsohuwa a Maikujera wadda santsi ya kwashe ta a bakin rijiya da damina. In aka ga ta kasa tashi, tana kukan ciwo a matsematsi, ƙafar ta gajarce, tafin kuma ya kwanta waje, to, lalle a ɗauka karaya ce. Kada a ja ƙafar, kada a ɗora ta bisa babur. A kwantar da ita bisa ƙyaure ko faffaɗan katako, a nemi mota a kai ta asibiti a ranar.

Dalilin gaggawa

Ba a raina aikin masu ɗori ba, amma wannan karaya tana can ciki ƙarƙashin nama mai kauri, inda karan ɗori ba ya iya riƙe ta. Banda haka, jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin ta wuyan nan su ke bi. In sun tsinke, kan ya kan mutu, ƙashin kuwa ba zai haɗu ba ko an shekara ana ɗauri. Saboda haka likitoci su kan so a yi aiki cikin kwana 2 da faɗuwa. Wani a kan ɗaure masa ƙashin da kusoshi da ƙarfe, wani kuwa a cire kan da ya lalace a sa na ƙarfe.

Asibitocin Wurno da Raba da Goronyo su ne mataki na fari. Daga nan a kan tura majiyyaci Sakkwato, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙashi na Wamakko. Akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Doguwar kwanciya ita ce babbar abokiyar gabar tsoho. Tana kawo gyambo a baya da dundunniya, da ciwon huhu, da daskarewar jini cikin jijiyoyin ƙafa, naman jiki kuma ya zube. Ƙididdigar ƙasashe da yawa ta nuna kamar ɗaya cikin tsofaffi 4 ko 5 da suka yi wannan karaya ba ya cika shekara a raye, kuma cututtukan da ke biyo bayan kwanciya suna da babban hannu a ciki. Watau amfanin aikin likita shi ne a sami damar tayar da mutum da wuri.

Aikin likitan gashi a asibiti

Jama'a na kiran wannan ma'aikaci likitan gashin ƙashi, har wasu su kan zaci aikinsa tausa ne da ruwan zafi. Ba haka ba ne. Babban aikinsa shi ne koya wa gaɓoɓi motsi har ƙarfinsu ya komo. Ilmi ne na musamman, wanda Jami'ar Ibadan ta fara koyarwa a matakin digiri a 1966.

In ba wata matsala, kashegarin aiki a kan zaunar da majiyyaci a bakin gado, sa'an nan a tsai da shi da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Dangi su kan ga kamar rashin tausayi ne, alhali kuwa shi ne tausayin. A kan ba shi maganin rage zafi kafin a fara, sa'an nan a koya masa waɗannan:

1. Ya riƙa ɗaga tafin ƙafa sama yana mai da shi ƙasa, kamar sau 10 kowace sa'a, don jini ya gudana.
2. Ya miƙe ƙafa, ya danna bayan gwiwa ga katifa, ya ƙirga biyar, ya saki.
3. Ya jawo dundunniya a hankali wajen ɗuwawu, ya mai da ita.
4. Ya ja dogon numfashi, ya yi tari, don huhu ya buɗe.
5. Ya koyi tashi daga kujera da komawa, da takawa kaɗan-kaɗan.

Likitan da ya yi aikin shi ne zai faɗi yawan nauyin da za a ɗora wa ƙafar, kuma ba a ƙetare maganarsa.

Bayan an koma gida

A nan ne aka fi yin asara, domin zaman gidajenmu na ƙasa ne, kuma gaɓar da aka yi wa aiki ba ta son tanƙwarawa ƙwarai. Wanda aka sa wa kan ƙarfe a kan gargaɗe shi, har mako 6 ko fiye, kada ya tsuguna, kada ya harɗe ƙafafu, kada ya sunkuya ɗaukar abu a ƙasa, don gudun kada gaɓar ta goce. Don haka tun kafin a sallame shi sai a gyara gida.

A sama masa gado mai tsayi, kada ya kwana bisa tabarma. A sa kafinta ya yi masa kujera mai hannuwa, wadda in ya zauna gwiwarsa ba za ta fi ƙugunsa bisa ba, da wata mai rami a tsakiya wadda za a ɗora bisa bakin salga. Wanka da alwala a zaune zai yi su. Salla ma ya yi ta bisa kujera, ya yi nuni a wurin ruku'u da sujada, gama malamai sun tabbatar addini ya yi wa mara lafiya wannan sauƙi. A kau da turmi da igiyar awaki da tukwane daga hanyarsa, a zuba yashi inda ruwa ke kwanciya, a ajiye masa fitila kusa da dare.

Motsin da aka koya masa ya ci gaba da yi sau 3 a yini. Tafiya kuwa a fara daga ɗaki zuwa tsakar gida, sa'an nan zaure, sa'an nan masallacin unguwa. In ya kai ga sanda guda, ya riƙe ta a hannun da ke gefen lafiyayyar ƙafa. Wajen hawan dokin ƙofa lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, wajen sauka kuwa mai ciwon ke fara sauka. Ƙashi ya kan haɗu cikin kamar wata 3, amma ƙarfin jiki ya kan ɗauki wata 6 har zuwa shekara. Sannu ba ta hana zuwa.

Abinci ma magani ne. A ba shi nono da wake da ƙwai da zogale, da kifin gulbin Rima da na madatsar Goronyo, a kuma fito da shi ya sha hantsi.

A mai da shi asibiti nan da nan in ƙwaurinsa ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya yi masa wuya, ko wurin ɗinki ya yi mugunya, ko zazzaɓi ya kama shi, ko hankalinsa ya rikice, ko ƙafar ta gajarce farat ɗaya da ciwo mai tsanani.

Abin da a ke roƙon hakimai

Ana roƙon kowane hakimi ya umurci dagatai su kawo labarin irin wannan faɗuwa ranar da ta auku, ya kuma taimaka da neman mota. Malamin hakimi ya rubuta sunan majiyyaci da garinsa da ranar da likita ya ce ya komo, ya tuna wa danginsa in ranar ta matso, domin da yawa su kan daina zuwa da zarar ciwo ya lafa. A karanta wannan bayani a majalisa da ranar kasuwa, a kuma roƙi limamai su ambata shi ranar Jumma'a.

Tsohon da aka kai asibiti da wuri, aka tashe shi da wuri, aka gyara masa gida, yana da kyakkyawan zaton sake zuwa masallaci da ƙafarsa. Allah ya ƙara wa jama'a lafiya, amin.