Kayan mata

Kayan mata haɗe-haɗen gargajiya ne da matan aure a ƙasar Hausa ke amfani da su domin ƙarin ni'ima da sha'awa a zaman aure. A ƙasar Sakkwato ana kiran su hakin maye. Bisa al'ada, dattawan mata ne ke haɗa wa amarya su kafin a kai ta ɗakin miji.

Ire-irensu

Akwai na ci da na sha, irin su gumba, tsimi da dahuwar kaza, waɗanda ake haɗawa da aya, dabino, kwakwa, zuma da saiwoyi. Akwai kuma na matsi, waɗanda ake cusawa a gaba.

Illa

Na matsi sun fi haɗari. Kanwa, alimun da gishiri kan ƙona fatar ciki, su bar tabon da ke tsuke gaba, har saduwa da haihuwa su yi wuya. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa magungunan gargajiya rajista a Najeriya, amma yawancin na kasuwa ba su da lambarta. Likitoci na shawartar mai fama da zafi ko bushewar gaba ta je asibiti.