Littattafan Da Ɗalibi Zai Karanta Kafin Ya Rubuta Wa Mutane Takarda

Ya ku 'yan'uwa malamai da fatake, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata takarda da aka kawo mini nan Bagudo. Wani falke ya ba abokin cinikinsa na Segbana, a ƙasar Benin, bashi, wani almajiri ya rubuta musu "jaka hamsin", bai ƙara kome ba. To, jaka a bakinmu naira 200 ce, a bakin masu sefa kuwa tamma 1,000 ce. Babu ajali, babu shaidu. Zumuncin shekaru ya tashi lalacewa a kan kalma guda.

Hannun yaron yana da kyau ƙwarai, amma kyan hannu daban, sanin tsara takarda daban.

Farkon abin da zai duba ita ce aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo. Ya karanta ta da tafsirin Liya'ut Ta'awili na Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829. Nan zai ga an umurci a rubuta bashi da ajalinsa, wanda ake bi shi ne mai shibta, a kuma kafa shaidu. Sa'an nan ya koma babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaidin. Wanda ya fahimci sharuɗɗan salam, wato biyan kuɗi yau a karɓi kaya nan gaba, ba zai rubuta "buhun shinkafa" ya yi shiru ba. Sai ya faɗi ko shanshera ce ko gyararriya, mudu nawa, mudun wace kasuwa, don na Lolo ba lalle ya zo daidai da na hayin iyaka ba.

Wanda ya yi nisa ya nemi Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426. Ni dai ban ga kamarta ba wajen koyar da abin da alƙali zai nema a cikin takarda ran da gardama ta tashi. Don gyaran lafazi, Ajuruma ta isa mafari.

Akwai aibi guda da ke gare mu masu ajami: ƙyuyar sa wasali. Adadi kuwa a rubuta shi sau biyu, da lamba da kalmomi. Kada kuma ɗalibi ya ji kunyar boko, domin takardun kwastan da na banki da shi ake cika su, a hayi ma da Faransanci. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, bugun 2006, zai nuna masa inda ake sa ƙugiya, kada baƙi ya zama baki.

In ya gama, ya roƙi tsofaffin takardun gona da na rabon gado wurin malaminsa, ya kwafe goma, ya karanta wa wanda bai san zancen ba, ya ji ko zai gane.