TARON MASANA DUWATSU NA DUNIYA: ABIN DA AKE ƘULLAWA BAYAN AN TASHI DAGA ZAURE

Tun shekarar 1878, da aka yi zama na farko a birnin Pari, masana ilimin ƙasa da duwatsu, waɗanda ake kira masana jeyoloji, suka ɗauki al'adar haɗuwa bayan shekaru uku ko huɗu, yau a wannan ƙasa, gobe a waccan. Tambarin taronsu guduma biyu ne a gicciye, da ɗan kirari na Latinanci mai ma'anar «da hankali da guduma». Wanda ya buɗe kundin taron zai tarar da jawabai ɗaruruwa, kowane da ranarsa da sa'arsa. Amma can ƙarshen kundin akwai wasu shafuna da ba a cika kula da su ba: liyafar maraba da baƙi, shan gahawa tsakanin zama da zama, walimar dare, da fita daji kallon duwatsu. A kan waɗannan shafuna ne muke so mu tsai da masu karatu, domin a ganinmu rabin amfanin taron a nan yake.

Dalili kuwa a fili yake. Dutse ba ya zuwa wurin masani, masani ne ke zuwa wurin dutse. Kuma shimfiɗar dutse ba ta san iyakar ƙasashe ba. A zama na biyu, wanda aka yi a Boloniya ta Italiya a 1881, babban aikin da ke gabansu shi ne daidaita sunaye da launukan taswira, don Bajamushe da Bafaranshe su dubi takarda guda su fahimci abu guda. Irin wannan sulhu yana da wuya tsakanin mutanen da ba su taɓa cin abinci a akushi ɗaya ba. Shi ya sa a 1897, da taro ya faɗo kan birnin San Fitasbug, gwamnatin Sarkin Rasha ta ba baƙi damar shiga jirgin ƙasa kyauta, aka yi makonni ana yawo da su har duwatsun Ural da na Kokas. Mutum biyu da suka daɗe suna musu a rubuce sai ga su tsaye gaban dutse ɗaya, kowa da gudumarsa. Ko su shirya, ko aƙalla kowa ya san inda ɗan'uwansa ya dogara.

Sau uku wannan taro ya zo Afirka: Firitoriya a 1929, Alje a 1952, sai birnin Kap na Afirka ta Kudu daga 27 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba 2016, inda mutane fiye da 4.000 suka hallara. A Kap, baƙo ba sai ya yi nisa ba. A bakin teku, a unguwar Si Poyin, akwai wurin da narkakken dutsen kwalɓa ya kutsa cikin tsohon dutsen laka ya daskare, wurin da Shal Darwin ya ziyarta da kansa a 1836. Ɗalibi daga Yamai da shehun malami daga Tokiyo suna iya durƙusawa a nan kafaɗa da kafaɗa, kuma a nan ne ƙaramin ke samun bakin yin tambayar da kwarjinin zaure ya hana shi.

Mai karatu zai ce: to, ina ruwan Nijar da walimar masana? Mu dubi duwatsunmu. Daga Abzin, a gangaro Damagaram da Muniyo, a wuce har tudun Jos a Najeriya, akwai jerin tsaunuka masu siffar zobe da asalinsu ɗaya ne. Wani bincike da Pita Bawdin da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature a 1976 ya nuna cewa shekarunsu suna raguwa daga arewa zuwa kudu: na Abzin sun haura miliyon 400, na Damagaram suna wajen miliyon 300, na Jos ba su kai miliyon 200 ba. Wanda ya san Jos kaɗai ba zai gano wannan ba, hakanan wanda ya san Abzin kaɗai. Sai an haɗa taswirar da aka zana da Faransanci da wadda aka zana da Ingilishi. Haka zancen yake ga ruwan ƙarƙashin ƙasa na kwarin Iullemmeden, wanda Nijar da Mali da Najeriya ke sha tare.

Sa'an nan ga maganar kayan aiki. Na'urar auna shekarun dutse tana da tsadar gaske, ba kowace jami'a ke da ita ba. Malamin da ya fasa dutse a Zindar, in yana son sanin shekarunsa, yawanci sai ya aika da shi wani ɗakin bincike a ƙetare. Wasiƙa daga wanda ba a sani ba takan kwana cikin aljihun tebur. Amma wanda aka sha gahawa da shi, aka raba inuwar mota ɗaya a daji, ba a cika ƙyale wasiƙarsa ba. Gurbin karatun digiri na uku ma sau da yawa ta wannan hanya yake fitowa.

Sai dai ƙofar ba a buɗe take ga kowa ba, kuma wajibi ne a faɗi haka. Kuɗin rajista dabam, na walimar dare dabam, na fita daji kuma dabam, wanda wani lokaci yakan fi na rajistar kansa. Masanin da ma'aikatarsa ta biya masa jirgi da masauki kawai, da an tashi zama sai ya koma ɗakinsa, alhali kuwa a daidai wannan lokaci ne ake raba aikin shekaru huɗu masu zuwa. Ga wahalar biza. Ga harshe: a zamanin farko Faransanci ne harshen taron, yau kuwa Ingilishi ya mamaye, kuma karanta jawabin da aka shirya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan hira cikin hayaniyar mutum dubu. Liyafar maraba kuma galibi a kan giya ake gina ta, wanda ba ya sha yakan tsaya gefe da kwalbar lemo, yana jiran mai kula shi. Mata suna da nasu ƙarin nauyi. Ba banza ba ne ƙungiyar masana ƙasa ta Amurka, AGU, ta sanya cin zarafi da tsangwama cikin laifuffukan da suka saɓa wa ɗa'ar kimiyya a 2017.

An yi ƙoƙarin gyara. Taron yana da wani shiri mai suna GeoHost da ke tallafa wa matasa da masanan ƙasashe marasa ƙarfi. Matan Afirka masana ƙasa sun kafa ƙungiyarsu a Nairobi a 1995. Akwai kuma taron jeyolojin Afirka, wanda aka fara a Lids ta Ingila a tsakiyar shekarun 1960, wanda a Nuwamba 2016 ya sauka Ibadan, inda ɗan Maraɗi ke iya zuwa a mota.

Sau biyu aka ga abin da ke faruwa in haɗuwar ta lalace. A Agusta 1968, kwana biyu da buɗe taro a Firag, tankokin yaƙin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka shigo gari, aka watse ba a gama ba. A Maris 2020 kuma annobar korona ta hana zaman Delhi. Sai a 2022 aka yi wani gajeren zama ta intanet, inda aka ji jawabai amma ba wanda ya riƙe dutse a hannu. An sake haɗuwa ido da ido a Busan ta Koriya ta Kudu a Agusta 2024, aka kuma tsai da Kalgari ta Kanada domin 2028. Hukumomin jami'o'inmu da ma'aikatar ma'adinai suna da lokacin shiri. In sun tashi tura wakili, su rubuta kuɗin walima da na fita daji cikin takardar tafiya tun farko.